A mayar mata da littafin zanenta

Ɗiyar yayana tana aji biyar a sakandare, shekarunta 16, kuma tun tana firamare in dai biro ya shiga hannunta to sai ta zana wani abu. Duk littafin rubutunta in ka juya shi ta baya za ka tarar da fuskokin mutane, hannaye, tsuntsaye, takalmin da wani ya bari a bakin ƙofa, har malamin da ke tsaye gaban allo ba ta ƙyale ba. Da sakamakon zango na biyu ya fito aka ga ta faɗi lissafi, sai babanta ya bi ɗaki ya tattara duk wani littafi mai zane a ciki haɗe da fensiroranta ya zuba a akwati ya kulle, yace sai ta gama jarrabawar fita sakandare sannan a yi maganar shirme. Kalmar da ya faɗa kenan, shirme. Bayan kamar sati uku na je gidan na same ta da littafin lissafi buɗe a cinya, na shiga na fita na dawo tana nan a shafi ɗaya, nace mata yaya karatun, sai tace "Baffa, wallahi ina ta karantawa amma ba ya zama." Idonta ya kawo ruwa. Tun ranar abin yake cina, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ta fuskar niyya ban ga laifin Yaya ba. Mutum ne da ke fita nema tun da duhu, kuɗin makaranta ba ya wasa da shi, kuma tsoron da yake ji na gaskiya ne, don jarrabawar nan in yaro ya faɗi shekara guda ce ta tafi, wani ma daga nan karatun ya tsaya kenan. Amma a ganina ya yi kuskure, kuma ba shi kaɗai ba, yawancinmu iyaye da malamai haka muke kallon abin, duk abin da ɗan sakandare ya yi wanda ba za a tambaye shi a jarrabawa ba to ɓata lokaci ne. Zane, waƙa, wasan kwaikwayo, rubuta labari, saƙa, kwance tsohuwar rediyo a sake haɗawa, haɗa bidiyo a waya, kulob ɗin muhawara, ƙwallo, duk a buhu ɗaya muke zuba su mu ɗaure baki.

Don Allah ku duba ranar ɗan sakandare daga safe zuwa dare. Ƙararrawa ce ke ce masa shiga, ita ke ce masa fita. Darasin wani ne ya zaɓa masa, littafin ma haka, tambayar da za a yi masa an riga an san amsarta tana rubuce a takardar malami, shi nasa kawai ya dace da ita. An tashi sai lesin, an dawo daga lesin sai jingar da malamai suka bayar, sai bacci in an samu. Ba na raina wannan tsarin, ni ma ta nan na biyo kuma na ci moriyarsa. Amma a cikin duk awannin nan a ina yaro zai koyi ya ƙirƙiro wa kansa aiki, ya fara ba wanda ya sa shi, ya ɓata, ya gane da kansa cewa ya ɓata, ya sake, ya kai ƙarshe ba don tsoron bulala ko kwaɗayin maki ba? Alhali in ya girma rabin rayuwa irin wannan aikin ne, ba wanda zai miƙo masa takardar tambaya mai zaɓi huɗu.

Na taɓa tsayawa ina kallon yarinyar nan tana zana hannu. Duk mai zane zai gaya maka hannu na daga cikin abin da ya fi wuya, yatsa ɗaya ya karkace shikenan ya koma kamar tawul ɗin da aka matse. Ta zana, ta goge, ta ɗaga nata hannun tana juya shi a haske tana duba inda inuwa ta faɗa, ta sake zanawa, a shafi ɗaya na ƙirga hannaye sun fi ashirin kuma na ƙasa ya fi na sama kyau nesa ba kusa ba. Babu jan biro, babu maki, babu mai cewa yi. Wannan fa ita ce yarinyar da ake cewa ba ta da naci, ba ta iya mayar da hankali. Nacin yana nan, hankalin yana nan, wurin da suke fitowa ne aka kulle a akwati.

Na kulob kuma wani darasi ne daban. Yaran da suka haɗu za su yi wasan kwaikwayo ranar bikin makaranta, wani ya makara, wata ta manta abin da za ta faɗa, biyu suna rigima kan wa zai fito a matsayin babba, dole a cikinsu wani ya tashi ya sasanta, dole a jira juna, dole mai baki ya yi shiru marar baki ya yi magana. Ɗan kulob ɗin muhawara sai a ba shi ɓangaren da bai yarda da shi ba a ce ya kare, ya kwana yana neman hujjar abokin hamayya. Ni ban san wani darasi a aji da ke koyar da wannan ba.

Akwai wani mutumin Sifaniya da nake yawan tunawa in ana wannan maganar, Santiago Ramón y Cajal, an haife shi a 1852. Yana yaro ba abin da yake so sai zane, babansa kuma likita ne kuma ya tsani abin, har ya taɓa kai shi koyon aiki wurin mai aski da wurin mai ɗinkin takalmi ko zai nutsu. Sai a 1868 uban ya fara koya masa ƙasusuwan jikin mutum, yaron ya riƙa zana su, nan ne uban ya ga ashe abin da yake yaƙa da shi yana da amfani. Yaron nan shi ya girma ya zauna gaban na'urar da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma yana zana ƙwayoyin jijiyoyin ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya, zane kusan dubu uku, ya nuna cewa kowace ƙwaya zaman kanta take ba a manne suke kamar raga ba, aka ba shi kyautar Nobel a 1906. Har yau ana saka zanensa a littattafan ɗaliban likitanci. Idon da ya koyi kallo tun yana zana a ɓoye, shi ne ya ga abin da wasu suka kalla ba su gani ba.

Ga kuma Maryam Mirzakhani ta Iran, mace ta farko da ta samu lambar Fields, babbar lambar masana lissafi, a 2014. Tana ƙarama marubuciya take so ta zama, littattafan labarai take ta karantawa, kuma a shekararta ta farko ta ƙaramar sakandare lissafin ma ba ta yi ƙoƙari ba. Da ta zama farfesa yadda take aiki shi ne ta shimfiɗa manyan takardu a ƙasa ta durƙusa tana ta zane-zane a kai, har 'yarta ƙarama tana ɗauka fenti mamanta take yi. Wani malamin jami'a a Amurka, Robert Root-Bernstein, shi da abokan aikinsa sun fitar da bincike a 2008 da ya nuna masana kimiyyar da suka ci Nobel sun fi sauran takwarorinsu yawan samun wani abin sha'awa na fasaha a gefe, kiɗa ko zane ko rubutu ko aikin hannu.

To amma ba na so in jingina maganata gaba ɗaya a kan waɗannan, domin akwai tarko a ciki. In nace a bar yarinya ta yi zane saboda wata rana za ta zama Cajal, na yarda kenan cewa wadda ba za ta zama kowa ba a ƙwace nata. Yawancin yaran da ke rubuta waƙa a bayan littafi ba za su zama mawaƙa ba, za su zama malamai ne da nas-nas da direbobi da 'yan kasuwa, kuma duk da haka suna da haƙƙin abin nan. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda kusan duk ƙasashen duniya suka amince da ita, a sashe na 31 ta ce yaro yana da haƙƙin hutu da wasa da shiga harkokin al'adu da fasaha, kuma yaro a wurinta shi ne duk wanda bai kai 18 ba, wato har da ɗan aji shida. Mutum yana bukatar wani abu nasa na kansa da zai koma gare shi ran da duniya ta yi masa zafi. Shekarun sakandare kuwa shekaru ne masu zafi, jiki na canzawa, abokai na canzawa, yaro bai san ko shi wanene ba, a aji kuma kullum lamba ake ba shi, na biyar, na talatin. Wanda ya zo na talatin amma ya san duk makarantar ba mai buga ganga kamarsa, wallahi tafiyarsa ma daban take.

Kuma in ka hana yaro abin da yake so, lokacin da ka ƙwato ba lallai ya tafi ga karatu ba, wannan shi ne abin da iyaye ba ma son ji. Ƙasar Aislan ta gwada akasin haka. A 1998 kashi 42 cikin ɗari na matasansu 'yan shekara 15 zuwa 16 sun ce sun sha giya sun bugu a cikin watan da ya wuce, kashi 23 kuma suna shan taba kullum. Sai suka tashi tsaye, aka sa dokar hana yara yawon dare, aka jawo iyaye suka riƙa zama da 'ya'yansu, sannan aka zuba kuɗi a wasanni da kiɗa da zane da rawa, har babban birninsu ya riƙa ba kowane yaro wani kati na biyan kuɗin irin waɗannan ayyukan. Zuwa 2016 masu buguwa sun koma kashi 5, masu taba kashi 3. Ba kulob kaɗai ya yi aikin ba, haɗuwa aka yi, amma dai sun gane cewa matashin da hannunsa ke cikin wani abu da yamma ya fi wanda ke zaune yana hamma tsira.

Na san za a ce to ai yaran yanzu waya ce abin sha'awarsu. Gaskiya ne, kuma nan ina tare da iyaye, amma a bambance. Yaron da ya yi awa uku yana jan allo da yatsa yana kallon abin da wasu suka yi, daban yake da wanda ya yi awa uku yana yanka bidiyon minti ɗaya yana daidaita sauti da hoto. Tambaya ɗaya ce ke raba su: nuna min abin da ka yi. Mai yi zai nuna maka har ya ishe ka da bayani. Kuma eh, dole a sa iyaka, ba wanda yace a bar yarinya tana zane har ƙarfe biyun dare gobe da jarrabawa, likitocin bacci ma cewa suke ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10 na bacci kullum. Sai dai mu faɗi gaskiya, abin da ke cinye baccin yaran nan galibi ba zane ba ne, lesin ne a kan lesin. A Koriya ta Kudu abin ya kai sai da hukuma ta sa dokar rufe gidajen lesin ƙarfe 10 na dare a birnin Seoul. Chaina kuma a watan Yulin 2021 ta hana kamfanoni cin riba da lesin manyan darussan makaranta, ta hana yin sa a ƙarshen mako da lokacin hutu, ta ce a rage jinga. Ƙasashen da suka fi kowa ɗaukar jarrabawa da zafi kenan fa, su da kansu suka ga an wuce gona da iri.

Akwai kuma hanya ta biyu da muke kashe abin nan, ita ta fi ba ni tsoro domin da fuskar ƙauna take zuwa. Yaro ya nuna yana son ɗaukar hoto, kafin wata biyu an fara "to me zai kawo?", a buɗe masa shafi, a nemo masa masu saye, a shigar da shi gasa, in bai ci ba a ɓata rai. Shikenan abin da yake hutawa da shi ya koma wata jarrabawar. A 1973 wasu masana halayyar ɗan Adam, Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett, sun yi gwaji da yaran nazire masu son zane da kansu. Wasu aka yi musu alƙawarin takardar yabo in sun yi zane, wasu ba a yi musu alƙawarin komai ba. Bayan sati ɗaya zuwa biyu da aka sake ajiye kayan zanen ba tare da lada ba, waɗanda aka yi wa alƙawarin nan sun rage zane sosai, kusan rabin na sauran. Ƙananan yara ne, amma duk wanda ya zauna da matasa ya ga irinsa. Ƙarshen wannan hanyar shi ne abin da ya faru a Amurka a 2019, inda aka gurfanar da mutum kusan 50, ciki har da iyaye masu kuɗi da suka biya aka ƙirƙira wa 'ya'yansu tarihin wasannin da ba su taɓa yi ba, har da haɗa hotunan ƙarya, don kawai su samu shiga manyan jami'o'i. In abin sha'awar yaro ya zama layi ɗaya a takardar neman gurbi, to ba nasa ba ne kuma, na masu duba takardar ne. In ya zama sana'a da kansa daga baya madalla, amma a bari shi ya kai shi can.

Nauyin kuma bai kamata ya tsaya a kan iyaye kawai ba. Ɗan mai hali ko makaranta ba ta ba shi komai ba za a saya masa a gida. Ɗan talaka in makaranta ba ta ba shi ba to babu. Bill Gates yana ɗan shekara 13 a 1968 ya fara taɓa kwamfuta saboda ƙungiyar iyaye mata na makarantarsu ta tara kuɗi ta sama wa ɗalibai na'urar, a lokacin da manya da yawa ba su taɓa ganinta ba. William Kamkwamba na Malawi kuwa barin makarantar ma ya yi bayan yunwar 2001 saboda babu kuɗin biya, ɗan ƙaramin laburare ne ya cece shi, ya ga hoton injin da iska ke juyawa a wani littafi, ya tattaro tsohon keke da fankar tarakta da itatuwa ya haɗa nasa yana ɗan shekara 14 har ya kunna ƙwan lantarki a gidansu. Ana ba da labarinsa a yi tafi, ni kuma abin da nake tunani shi ne yara nawa ne irinsa da ko laburaren ba su samu ba. Ɗaki ɗaya da ba a kulle shi da zarar an tashi, malami ɗaya da zai zauna, awa biyu a sati a cikin jadawali da ba za a cinye ta da bita ba in jarrabawa ta matso, wannan bai fi ƙarfin yawancin makarantu ba. Kuma malamin nan a biya shi, kar a mayar da shi aikin sa kai na dole, a Japan inda kulob ya yi ƙarfi sosai malamai sun daɗe suna kukan ya cinye musu yammaci da ƙarshen mako.

'Yan mata su suka fi cutuwa a nan. Namiji an tashi makaranta yana da ɗan sarari, ita kuwa tana ajiye jaka aikin gida na jiranta, in ta samu minti talatin ta ɗauki fensir a ce ba ta da aikin yi ne. Ko kulob ne ya kai yamma ita ake fara cewa ta dawo gida. In za a raba lokaci a gida a raba da adalci.

Na koma wurin Yaya daga baya. Nace Yaya don Allah ina da magana, ya ji ni har ƙarshe sannan yace ai ba kai ke biyan kuɗin makarantar ba, kuma gaskiya ya faɗa. Nace haka ne, amma sati ukun nan da aka kulle akwatin, lissafin ya gyaru? Ya yi shiru. Da muka zauna da ita muka bi littafin baya-baya sai muka gano tun aji uku wani babi ya wuce ta lokacin da ta yi rashin lafiya, duk abin da aka ɗora a kai tun daga nan a iska yake, ba ruwan zane a ciki. Aka samo wata ɗalibar jami'a tana zuwa sau biyu a sati tana bi da ita daga inda ta ɓace. Shi kuma ya buɗe akwatin ya ciro littafi ɗaya da fensir biyu, yace bayan ta gama jinga, awa ɗaya, sauran suna nan sai bayan jarrabawa. Ban samu duk abin da na nema ba, lissafin ma har yanzu tana fama, ana dai tafiya a hankali.

Ran nan na je da yamma yana zaune yana duba wasu takardu, ta zo ta durƙusa ta miƙa masa littafin ba ta ce komai ba. Hannu ne ta zana, riƙe da biro, da tabon nan da yake da shi a gindin babban yatsa tun muna yara. Ya daɗe yana kallo, ya juya nasa hannun ya duba, ya sake duba takardar, sannan yace "Wannan ai hannuna ne. Wa ya koya miki?" Tace "Ba kowa, Baba."